Yadda Sabis Ya Zama Makami a Wasan Ƙwallon Raga

Lokacin da William Morgan ya ƙirƙiro wasan ƙwallon raga a garin Holyoke na Amurka a 1895, sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi, ba abin tsoro ba ne. Har dama biyu ake ba mai bugawa, in ta farko ta ɓaci ya sake. Yau labari ya sha bamban. A 2021 Wilfredo Leon, haifaffen Kuba da ke buga wa Poland, ya saki sabis mai gudun kilomita 135.6 a sa'a a karawarsu da Sabiya, kuma sau 13 sabis ɗinsa ya ci maki kai tsaye a wasan. Tsawon filin duka mita 18 ne, ke nan abin da mai karɓa yake da shi bai wuce kusan rabin daƙiƙa ba.

'Yan wasa ne suka fara buɗe wannan hanya. Matan Japan da koci Hirobumi Daimatsu ya kai ga lambar zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 sun yi suna da sabis mai shawagi. Ana bugun tsakiyar ƙwallo da tafi a sandare, a tsayar da hannu nan take, sai ta tafi ba ta juyawa, iska na kaɗa ta dama da hagu, ta faɗo inda ba a zata ba. Bayan shekara ashirin 'yan Brazil, musamman Renan Dal Zotto, suka yayata sabis na tsalle har suka ci azurfa a Los Angeles a 1984. Shi wannan, ɗan wasa kan cilla ƙwallo sama can gabansa, ya bi ta da gudu, ya tashi daga bayan layi, ya doke ta da karya wuyan hannu don ta riƙa juyawa gaba, ta nutse cikin fili da sauri.

Amma da dokoki ba su ba da ƙofa ba, da abin bai kai haka ba. A 1984 hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta hana tare sabis a bakin raga. A tsakiyar shekarun 1990 aka sakar wa mai bugawa faɗin layin baya gaba ɗaya, mita 9, maimakon kusurwar dama da aka tsare shi a da. Daga baya aka ce ko ƙwallo ta taɓa raga, muddin ta tsallaka, wasa ya ci gaba, abin da ya ƙara wa masu ƙarfin dantse ƙarfin gwiwar bugawa ƙasa-ƙasa.

Canjin da ya fi kowanne nauyi shi ne na ƙirga maki, wanda ya fara aiki a 1999. A da, ƙungiyar da ke riƙe da sabis ce kaɗai ke cin maki, don haka wanda ya zubar da sabis damar bugawa kawai ya rasa. Yanzu kowace ƙwallo maki ce, kuma zubar da sabis kyauta ce ga abokin hamayya. Mai hankali zai ɗauka cewa wannan zai sa kowa taka-tsantsan. Akasin haka aka gani, kuma akwai dalili. A matakin ƙwararru na maza, ƙungiyar da ta karɓi sabis ita ke cin mafi yawan ƙwallaye. In ƙwallo ta isa hannun mai rarrabawa daidai, yana da masu kai hari har huɗu da zai zaɓa, masu tarewa uku ba za su iya rufe su duka ba. Saboda haka sabis mai laushi ma asarar maki ne, jinkiri kawai yake yi. Koci ya duba wannan lissafi, sai ya ce wa yaransa su buga da ƙarfi, in ta fita ta fita.

A ganina lissafin gaskiya ne, amma ana yawan karkatar da shi. Manufar sabis mai kyau ita ce lalata karɓa. Da zarar ƙwallon farko ta kauce wa raga da mita biyu ko uku, saurin harin tsakiya ya mutu, dole a ɗaga ta sama zuwa gefe, inda mutum biyu ko uku ke jira da hannuwa a miƙe. Shi ya sa gwanaye ba sa bugawa da ka. Suna kauce wa libero, ƙwararren mai karɓar nan mai riga daban da aka shigo da shi a 1998. Suna neman tsakanin mutum biyu, inda kowa zai zaci na ɗan uwansa ne. Suna sauke ƙwallo gajere a gaban babban mai kai hari don ya durƙusa ya rasa tazarar gudu. Wanda ya shigo canji yanzun nan, jikinsa bai ɗumama ba, shi ma ana lalubarsa. Duk wannan shawara cikin daƙiƙa 8 da doka ta bayar bayan busa usur ake yanke ta.

Farashin kuwa 'yan kallo ne ke biya. Babu abin da ke kashe armashin wasa kamar sabis uku ko huɗu a jere su ƙare a raga ko a waje, maki na hawa ba a buga komai ba. Wannan na cikin abin da ya sa mutane da dama suka fi jin daɗin wasan mata, inda sabis mai shawagi da ake haɗawa da ɗan tsalle ya fi yawa, ƙwallo kuma ta fi daɗewa a sama.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tasowa. Yaro ya kalli bidiyon Leon a waya, gobe ya zo fili yana tsalle tun bai iya cilla ƙwallo wuri ɗaya sau biyu a jere ba. Lissafin da ya halatta wa Leon kasada bai shafe shi ba, domin a matakinsa abokan hamayya ba su iya mayar da kowace karɓa maki ba, kuma sabis mai shawagi da aka auna wuri ya isa ya rikita su. Ga kuma kafaɗa da gwiwa da ke shan wahalar maimaita tsalle da duka tun ƙashi bai yi ƙwari ba. Kocin da ke horar da yara ya fi dacewa ya shimfiɗa tabarmi a kusurwoyin fili, ya hana kowa tsalle sai ya iya sauke ƙwallo a kan wadda aka nuna masa.