Kaza Da 'Ya'yanta: Daga Idon Manomi Zuwa Madubin Hangen Nesa

Duk wanda dare ya taɓa yi masa a hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada da Doguwa, musamman da kaka kafin hazo ya sauko, ya san yadda taurari ke cika sama fal. Iyayenmu na wannan yanki kuwa da su suke lissafin lokaci. Sun san Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da kuma Kaza da 'Ya'yanta, wadda in ta daina bayyana da almuru wajen watan Mayu, manomi ya san shuka ta gabato.

Mai ido garau yakan ƙirga 'ya'yan Kazar nan shida ko bakwai. Iyakar ganin ɗan Adam ke nan shekara da shekaru, har zuwa 1608 da wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya jera gilasai biyu cikin bututu, abin da ke nesa ya matso kusa. Labari na isa Italiya a 1609, sai Galileo ya ƙera nasa ya ɗaga shi sama. A littafin da ya buga a 1610 ya zana taurari 36 cikin Kazar. Da ya juya kan Zara, sai ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, alamar rana take kewayawa. Zarar nan kuwa ita ce dai Gamzaki, lokacin fitowa ne ya bambanta.

Koyarwarsa cewa duniya ma rana take kewayawa ta ja masa hukuncin kotun ikilisiya a Rum a 1633. Sai a 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya fito fili ya yarda an yi kuskure.

A 1668 Isaac Newton na Ingila ya maye gurbin gilashin da madubi mai loko, wanda ke tattara haske wuri guda. Gwargwadon faɗin madubi, gwargwadon abin da zai hango. To, amma ƙura da gajimare da fitilun birni suna dushe taurari. Shi ya sa ake gina ɗakunan duban taurari a kan duwatsu nesa da gari, kamar na Sutherland a Afirka ta Kudu, inda aka buɗe wani ƙaton madubi a 2005. Daga baya ma aka kai su sararin samaniya: Hubble a 1990, sai James Webb mai faɗin mita 6.5 ranar Kirsimeti ta 2021.

Yau an san 'ya'yan Kaza sun haura dubu, haskensu kuma yakan yi wajen shekara 440 a hanya. Wato wanda za mu gani daren yau ya taso tun Lipperhey bai haɗa bututunsa ba.

Duhun da masana ke hawa duwatsu suna nema, mu ga shi kyauta a ƙauyukan Kiru da Bebeji. Amma yara nawa ne a gidajenmu za su iya nuna Kaza? Muna roƙon iyaye da malaman makaranta su riƙa fita da su fili da dare. Ƙaramin tabaron hangen nesa mai ido biyu ya isa ya nuna musu abin da Galileo ya gani, sai dai kada a kuskura a dubi rana da shi, don yana makantarwa. Kafin a sami tabaron, a fara koya musu sunayen da kakanninsu suka bari.