Manomi Ba Rago Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in amsa wa masu cewa wai ƙyuya ce ta hana manomanmu ɗaukaka ƙasa. Labarin gyaɗa ya isa shaida.

Cikin 1912 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Kano da Ikko. Turawa auduga su ke sa rai, don masaƙun Ingila. Amma manoma suka auna, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in ciniki ya ƙi, a ci ta a gida. Ba wanda ya tilasta musu, suka duƙufa a kanta. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka saya, har buhuna suka zama dala a Kano.

Ku duba abin da ya biyo baya. Fatake da 'yan dako da masu raƙuma da jakai duk suka sami abin yi. Manomi ya biya haraji, ya sayi tufa da keke, maɗinki da maƙeri suka ci albarkacinsa. Rarar kuɗin amfanin gona ta shiga cikin kafa masaƙar Kaduna a 1957.

To, me ya kashe wannan kasuwa? Tun 1949 aka kafa hukumar da ita ke yanka farashin gyaɗa, sau da yawa ƙasa da abin da ta ke sayarwa a ƙetare. Fari ya zo a 1973, cuta ta cinye gyaɗa a 1975. A lokacin nan kuɗin man fetur ya yawaita, hankalin mahukunta ya koma can, samari suka jingine fartanya suka nufi birni. Kafin a rushe hukumomin cinikin nan a 1986, dala ta riga ta zama tarihi.

Don haka na ce, ƙasa mai neman tasowa ta fara da gona, gama nan ne yawancin mutanenta su ke. A ba manomi hanya, da iri mai kyau, da farashin adalci, sauran aikin shi ya san shi. Kakanninsa sun gwada. Ina roƙon mahukunta su tuna ba a fafe gora ranar tafiya, man fetur kuwa rijiya ce mai ƙafewa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Kano.