Kafin Ka Biya Kuɗin Gidanka Na Farko

Duk magidancin da ya ɗanɗani zaman haya ya san fargabar ƙarshen shekara, lokacin da mai gida kan aiko da ƙarin kuɗi ko takardar tashi. Shi ya sa da mutum ya tara abin sayen gida sai zumuɗi ya kama shi, dillali kuma ya ƙara zuga shi: "Alhaji, wani ya riga ya taya, ka ba da kafin alƙalami yau." A wannan gaggawa ce ake asarar gumin shekaru, domin gyaran gini da sauƙi, amma gidan da ke da rigima sai kotu.

Fara da takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma sai da amincewarsa ake sauya ta zuwa sunan mai saye. Don haka ka karɓi lambar takardar, ka sa lauya ya bincika a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A can za a ga sunan mai gidan na gaskiya, da ko an jinginar da shi a banki. Gidaje da yawa a unguwannin awon igiya ba su da wannan takarda, sai ta ciniki mai hatimin mai unguwa. Irin wannan sai ka bi salsalarsa: wa ya sayar wa wa, kuma yaushe? Ka tambayi mai unguwa da liman da tsofaffin maƙwabta, sannan hukumar tsara birni ta tabbatar maka ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki aka yi ginin ba, kada rusau ya same ka.

Gidan gado kuwa shi ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Sau tari babban wa ne ke gaba a ciniki, alhali akwai mata a gidajen aure, da marayu, da ɗan'uwan da ke wani gari, ba wanda aka shawarta. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu da kansa ko ya wakilta wani a rubuce. Ka kuma sani cewa a fiƙihun Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan ka sayi kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na iya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason. Rubutun nan da ake gani a bango da jan fenti, cewa gidan ba na sayarwa ba ne, wani lokaci irin wannan rikici ne ke haifar da shi.

Sai ginin kansa. Kada ka yi cinikin biri a sama. In da hali, je ka gani a watan Agusta, bayan an tafka ruwa. Duƙa ka dubi gindin bango: in siminti na ɓarɓashi, ga farin gishiri ya fito, ga layin da ruwa ya bari, to damshi ya zauna, ko an rufe shi da sabon fenti. Ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin, ka auna tazarar masai da rijiya, ka tambaya ko tsohon kududdufi aka cike aka yi ginin. Tafi da magininka, ba na mai sayarwa ba, ka kuma nemi takardar wuta ka ga ko akwai tsohon bashi.

Wajen lissafi, ka ware la'adar dillali, da kuɗin lauya da safiyo da rajista da gyare-gyare. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa yana iya neman rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda ake biya har tsawon shekara 30. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya tuntuɓi bankunan Musulunci irin su Jaiz.

Ranar biya, tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan, ba na dillali ba, a gaban shaidu, a rubuta komai. Kana karɓar makulli ka fara neman sauya takardu zuwa sunanka tun mai sayarwa yana raye, yana kuma kusa. Allah Ya ba kowa muhalli mai albarka.