Me ya sa ɗakin haya ke gagarar talaka a Gusau?

Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, Gusau ke karɓar baƙi: ma'aikata, 'yan kasuwa, daga baya kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya. Amma baƙin shekarun nan daban suke. Manoma ne daga ƙauyukan Tsafe, Bunguɗu da Maru waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Sun iso da iyali, babu jari, babu albashi, kuma da yawansu ba sansani suka nufa ba. Wasu sun raɓe a gidajen dangi, wasu sun rataya buhu a ƙofar kango sun kira shi gida.

Masu neman ɗaki sun ƙaru, gini kuwa ya yi tsada. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon yashi da bulo ya tashi, siminti da kwanon rufi suka bi sahu. Mai gida yana huce wannan a kan ɗan haya, galibi da sharaɗin biyan kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali. Mai tura baro da ke samun na abinci kullum-kullum, ina zai tara na shekara?

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a Gusau tsaro ma ya shiga farashin haya. Wanda cikin gari ya fi ƙarfinsa sai ya gangara gefe, irin su Damba, inda 'yan bindiga suka sha kutsawa suna ɗaukar mutane. A watan Satumban 2023, daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashe ɗalibai mata na jami'ar. Rangwamen da ake samu a bakin gari, da kwanan fargaba ake biyansa.

Tsarin gwamnati bai hango waɗannan mutane ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, an gina shi ne a kan cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, lamunin kuma yana neman takardar mallakar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka shi ke da ikon ware filaye masu araha kusa da inda jami'an tsaro suke. Duk rukunin gidajen da za a raba ta hanyar takardar albashi, manomin da ya gudo daga Tsafe ba zai ga makullinsa ba.