Jakar Soja da Ɗaukar Kaya Mai Nauyi

Ran Lahadi kasuwar Mirriya take ci. Tun da sassafe hanyoyi suke cika da mutane da kaya. Mata masu ginin tukwane suna ɗauke da tuluna a ka, bisa gammo. Masu garka sun aza wa jakuna mangala cike da tumatir da albasa. Ga amalanke, ga motoci daga Damagaram, wadda ke kilomita 18 daga nan. A cikin taron nan za ku hango wani saurayi ya goyo wata babbar jaka mai launin ganye, hannuwansa biyu sake. Ita ce jakar soja. Da Faransanci ana ce wa irinta sac à dos, watau jakar baya.

Daga ina ta fito?

Ba don ƴan kasuwa aka ɗinka ta ba, don mayaƙa aka yi ta. Soja yakan yi kwanaki yana tafiya a ƙasa. Dole ya ɗauki abincinsa da ruwansa da bargonsa da harsasai, kuma ya bar hannuwansa don riƙon bindiga. Shi ya sa ya goya kayansa a baya.

Faransawa sun kama Damagaram a shekarar 1899. Daga baya suka riƙa ɗibar samarin ƙasar nan aikin soja. Waɗansu sun je yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, waɗansu na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Jakar sojan Faransa ta 1914 mai kusurwa huɗu ce, da katako a cikinta. In aka haɗa ta da bindiga da sauran tarkace, nauyin yakan kusa kilo 30. Sojojin Faransa suna kiran wannan kaya barda. Kalmar daga Larabci ta zo, ma'anarta akumari, irin wanda ake shimfiɗa wa jaki kafin a yi masa lodi. Kun ga su da kansu sun san kayan ya yi musu yawa.

In soja suka sami sababbin jakunkuna, sai a sayar da tsofaffin ga ƴan kasuwa. Haka suke ƙetaro teku tare da dilolin gwanjo, har su iso kasuwanninmu.

Yadda aka gyara ta

Jakar dā tana cin kafaɗa. A shekarar 1908 wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Ole Bergan ya dawo daga farauta, kafaɗunsa na ciwo. Sai ya lanƙwasa reshen itace daidai siffar bayansa, ya ɗaura jakar a kai. Daga baya ya sāke itacen da siririn ƙarfe. A shekarar 1973 kuma Amurka ta ba sojojinta wata jaka da ake kira ALICE. Jikinta na nailan ne, sandunanta na alminiyom, ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke zuba tukwane da shi.

Jakar soja mai kyau tana da abubuwa huɗu. Na ɗaya, yadi mai kauri wanda ba ya saurin yagewa. Na biyu, maratayai biyu masu faɗi da laushi, ɗaya ga kowace kafaɗa. Na uku, sandunan ƙarfe masu tallabe kaya. Na huɗu, ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu.

Me ya sa take rage gajiya?

Ku dubi innarku in ta goya ƙaninku. Ba ta barinsa yana reto. Takan manna shi da bayanta, ta ɗaure da zane, ta ƙara da majanyi. Jakar soja ma haka take aiki. Kayan da ke manne da jiki ya fi sauƙin ɗauka. Ku gwada: ku riƙe bokitin ruwa kusa da cikinku, sa'an nan ku miƙa hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma nan da nan hannu zai gaji.

Ɗamarar ita ce babban sirri. Ƙasusuwan ƙugu da na cinya sun fi na kafaɗa ƙarfi nesa ba kusa ba. In aka ɗaure ɗamara sosai, wani kaso na nauyin yakan sauka a ƙugu, kafaɗu su huta. Wanda ya bar ta tana lilo ya yi asarar rabin amfanin jakarsa.

Wannan ba ya nufin ɗaukar kaya a ka ba dabara ba ce. A shekarar 1986 masu bincike sun auna waɗansu matan ƙasar Kenya da suka saba da ita. Suka tarar mace tana iya ɗaukar kaya mai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinta ba tare da ta ƙara kashe ƙarfi ba. Sai dai ɗaukar ka tana matsa wuya, kuma sau da yawa tana cin hannu ɗaya. Jakar baya ta fi dacewa da mai tafiya mai nisa, da mai keke, da mai hawan dutse.

Ƙarfin jaka ba ƙarfin yaro ba ne

A nan hatsarin yake. Wata rana wani yaro na ajinmu ya zo lakwal da jakar wansa. Ya zuba littattafai, da gorar ruwa, da hatsin da aka aike shi ya kai niƙa. Daga ƙauyensu ya tako da ita a ƙasa. Ya iso a sunkuye kamar tsoho. Da na ce ya fito allo, sai ya ce: "Mushe, hannuna ya mutu." Maratayan sun danne masa jijiyoyin kafaɗa. Sai da ya daɗe a zaune kafin ya iya riƙe alli.

Jakar ba ta yage ba, domin an yi ta don ƙaton namiji. Amma ku ƙasusuwanku ba su gama girma ba. Likitoci suna ba da shawara kada jakar ɗan lakwal ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa. Yaro mai kilo 30, kilo 3 ne daidai da shi, kada ya haura kilo 4 da rabi. Ku tuna, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tiya ɗaya ta hatsi kuwa wajen kilo 2 da rabi ce. Ita jakar kanta ma tana da nata nauyi.

Yadda ake shirya ta

Abu mai nauyi a sa shi a tsakiya, jikin baya. Abu mara nauyi, kamar tufafi, a ƙasa da waje. Abin da za a nema a hanya a sa shi a aljihun gefe. Kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya.

In za ka ɗauka, ka durƙusa, ka miƙe da ƙarfin ƙafafu, kada ka sunkuya ka fizga. Ka sa maratayan duka biyu. Ka fara ɗaure ɗamara, sa'an nan ka ja maratayai. In ka ji hannunka ya fara mutuwa, ko ka ga kana sunkuyawa gaba, kayan ya yi yawa. Jiki magayi. Ka sauke, ka raba shi biyu, ka yi sawu biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa soja yake goya kayansa a baya?
2. Mene ne asalin kalmar barda?
3. Wane aiki ɗamarar jaka take yi?
4. Ta ina jakar soja ta yi kama da goyo?
5. Yarinya tana da kilo 40. Kilo nawa ne kashi 10 cikin 100 na nauyinta?

Aiki

Ku tambayi iyayenku sunayen abubuwan da kakanninmu suke zuba kaya a ciki, kamar burgami da taiki da gafaka. Ku rubuta abin da ake yin kowanne da shi, da irin kayan da yake ɗauka. Gobe kowa ya karanta wa aji nasa.