Tukubar Mai Tsire da Tallar Waya

Mai tsire ba ya kafa tukubarsa a ko'ina. Mahaɗar hanya yake nema, ko bakin tasha, ko ƙofar gidan kallon ƙwallo. Kuma ba ya hura wuta da hantsi, sai la'asar sakaliya, lokacin da mutane suka taso daga aiki yunwa ta fara taɓa su. Duk ɗan kasuwar da ke shirin zuba kuɗi a tallar Facebook, Instagram ko TikTok, da zai tsaya ya lura da wannan bawan Allah, da ya rage asara.

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana ba mai talla damar zaɓar gari, shekarun masu kallo, maza ko mata, har ma da kewayen 'yan kilomitoci daga shagonsa. Amma da yawa ba sa bi ta kan wannan. Sai ka ga mai dafa abinci a Tarauni, wadda iyakar ɗan aikenta cikin Kano, ta saki tallarta ga Nijeriya baki ɗaya. Mutumin Fatakwal ya gani, an cire mata kuɗi, shi kuwa ko lomar tuwo ba zai saya ba. Ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗora wa kuɗin tallar a Nijeriya tun Janairun 2022. Lamarin mai abincin ya bambanta da na dillalin atamfa a Kantin Kwari, wanda kayansa ke zuwa Maraɗi da Injamena. Shi faɗaɗawa ta dace da shi.

Sannan ƙamshi. Mai tsire ba ya shela. Ƙamshin ƙuli da kitse a kan garwashi ne ke juyo da mai wucewa. A bidiyo, daƙiƙun farko ne ƙamshin. YouTube na barin mai kallo ya tsallake talla da yawa bayan daƙiƙa 5, Facebook kuma na da ma'aunin kallo na daƙiƙa 3 kacal. A nan ne nake jin takaicin bidiyon da ke buɗewa da tambarin shago yana juyawa, sai doguwar godiya ga masoya da abokan arziki. Sallama ba ta cin lokaci, a yi ta, amma in leshi ake sayarwa, a yi ta yana hannu ana warware shi cikin hasken rana. A ɗauki bidiyon a tsaye, yadda ake riƙe waya. A rubuta muhimmin bayani a jikinsa, domin wanda ke cikin adaidaita sahu ko ofis ba zai buɗe murya ba. A gajarta, data da tsada take.

Akwai kuma ɗan yankan da mai tsire ke miƙa maka a bakin wuƙa ka ɗanɗana. Ya san abin da ya gasa, shi ya sa ba ya tsoro. Mai talla ma ya nuna launin kaya na gaskiya, ba wanda manhaja ta yi wa kwalliya ba, ya kuma faɗi farashi a fili. Wannan ɗabi'a ta "Hajiya, zo inbos" tana korar mai sayen da ba ya son ciniki ya ba shi kunya.

Da dare ya yi, mai tsire tsinke yake ƙirgawa, ba waɗanda suka shaƙi hayaƙi ba. Dubban masu danna alamar so ba ciniki ba ne. Abin dubawa shi ne mutum nawa suka yi magana ta WhatsApp, nawa suka biya, kuma nawa aka kashe kafin a sami kowannensu. Gara a saki bidiyo biyu da kuɗi kaɗan na 'yan kwanaki, a tsayar da wanda bai kawo kowa ba, a ƙara wa ɗayan. Kuma a ajiye wanda zai riƙa amsa saƙo nan take, domin mai tambayar farashi da azahar, in aka bar shi har isha, ya riga ya saya a wani wuri.