Man Doba: Ina Kuɗin Suka Shiga?

A shekarar 2003, da ɗanyen man fetur na Doba ya fara bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa gaɓar teku a Kribi ta Kamaru, mu mazauna Chadi mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Ba kuwa a banza muka sa rai ba. Bankin Duniya bai shiga aikin ba sai da aka kafa doka a 1999, wadda ta ce a ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin a wani asusu a Landan domin 'ya'ya da jikoki, mafi yawan sauran kuma a kashe kan makarantu, asibitoci, hanyoyi da raya karkara. Har kwamitin sa ido aka naɗa.

To amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 2000, kafin ɗigon mai ya fito, kamfanoni suka ba gwamnati goron dala miliyan 25, Shugaba Idris Debi ya ɗebi fiye da miliyan 4 ya sayi makamai. Ita ma dokar da ɓarakarta: rijiyoyin Kome, Miyandum da Bolobo kaɗai ta shafa, kuma ba ta taɓa harajin da kamfanonin ke biya ba, alhali daga baya nan ne kuɗin suka fi kauri.

A watan Disamba na 2005 majalisa ta soke asusun jikokin, ta sa tsaro cikin jerin abubuwan da za a kashe wa kuɗin mai. A wannan shekara ce aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, kuma ƙungiyar Transparency International ta sa Chadi da Bangaladash a ƙarshen jerinta na cin hanci. Hujjar gwamnati ita ce 'yan tawaye, kuma lalle sun shigo Injamena a 2006 da 2008, har dubban jama'a suka tsallaka Kuseri. Amma shin bindiga ce ta hana a sayi alli da allura? A Satumba na 2008 Bankin Duniya ya karɓi bashinsa ya tattara ya tafi.

Ba mu ce ba a yi komai ba. An shimfiɗa kwalta, an buɗe matatar Jarmaya a 2011. Sai dai a 2014 aka ci bashin fiye da dala biliyan 1 daga kamfanin Glencore don sayen hannun jarin Chevron, za a biya da mai. Farashi ya faɗi warwas. A 2016 aka zaftare alawus na ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti suka shiga yajin aiki. Mu da yawancinmu 'yan kasuwa ne, mahauta da masu ɗinki, mun san ma'anar wannan: in aljihun ma'aikaci ya bushe, rumfa ma ta bushe. Bashin nan na Glencore sai da aka sake zama a kansa a 2018, aka kuma sake zama a 2022.